Ɗaya, Biyu, Sai Numfashin Dell

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe

Yau za mu fara ɗaukar sabon faifai. Hollis ya ce in sami littafi in riƙa rubuta abin da aka yi kowace rana, saboda wancan karon kwana biyu muka yi muna musu kan wace ɗauka ce ta fi. Shi ya ce ta uku, ni na ce ta biyar, ashe ta huɗu ce. To ga littafi. Waƙa takwas, mako uku. Ranar 24 za mu kwashe kayanmu, masu waƙar coci daga Tupelo su shiga.

Hollis Yarbrough bai canja dokarsa ba tun ranar da ya mai da tsohon siton irin auduga ɗakin ɗaukar waƙa. Kowa a ɗaki ɗaya, a zagaye, ana ganin idon juna. A kan tef ake ɗauka, in da gyara da reza ake yi. Ya ce kwamfuta an yi ta ne don waɗanda ba su iya ba. Ni ban damu ba, na saba da shi yadda ake sabawa da ciwon gwiwa.

Mu huɗu ne. Ni da murya da jita, Mista Lucius a fiyano, Boyd a jitar bas, sai yayana Dell a ganguna. Shekara ashirin da takwas ke nan Dell yana zaune a bayana ta hagu. Aure biyu na yi a tsakani, mazan duk sun kama gabansu, shi yana nan.

Hollis ya tambaye ni wane irin faifai ne wannan, na karkara ne irin namu, ko blues, ko rock. Na ce ya tambayi masu shago, su ke da kanta uku.

Litinin, ƙarfe 6 na yamma

“Ruwan Kogi Ya Ja Baya”. Ɗauka biyu, ta biyu muka riƙe. Waƙa ce mai tafiyar hawainiya, Dell da buroshi ya yi ta, ba da sanda ba.

Boyd sabo ne a cikinmu, shekararsa shida kacal, har yanzu ƙirgen Dell yana ba shi dariya. Kowane makaɗi a duniya cewa yake ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan a shiga waƙa. Dell cewa yake ɗaya, biyu, sai ya ja numfashi ta haƙora a madadin sauran. Tun muna yara ne. Baba aikin dare yake yi a masana’anta, da rana yana barci, mu kuma muna bayan gida, ni da jitar da ta fi ni tsawo, Dell da bokitin kitse da cokula biyu. In ya ƙirga huɗu da ƙarfi Baba zai farka, shi ya sa yake haɗiye rabi. A kan numfashin nan nake shiga. Ban taɓa tunanin abin ba sai da Boyd ya yi magana.

Da muka zaɓi ɗaukar, Hollis ya ja tef, ya sa reza ya yanke ƙirgen, ya jefa a kwandon da ke ƙarƙashin tebur. Haka ake yi. Ba mai sayen faifai don ya ji ana ƙirge.

Glenda, matar Dell, ce ta tuƙo shi da safe, ita ta zo ta ɗauke shi. Wai motarta tana gareji. Dell lafiya lau.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

“Wasiƙar da Ban Aika Ba”. Ɗauka huɗu, ta huɗu muka riƙe.

Abincin rana soyayyar tarwaɗa da burodin masara daga shagon bakin gada. Mista Lucius ya ci kifi uku, ya ce likita ya hana shi maiƙo amma bai ce ranar Laraba ba. Shekararsa saba’in da huɗu, hamsin daga ciki a fiyanon cocinsu ya yi su. Har yau in na buga jita da ƙarfi sai ya ce, “’Yata, Ubangiji ba kurma ba ne.”

Kofi ya zube wa Dell a wando. Ya ce kofunan Hollis ne ba su da gindi. Bayan haka shayi mai ƙanƙara ya sha, da tsinke, kofin yana ajiye a kan tebur. Hannunsa na hagu a aljihu duk lokacin cin abinci. An fara sanyi da safe, ba mamaki.

An fara girbin auduga a gonar da ke bayan sito. Hollis yana zagin injin, yana shiga masa makirufo.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 12 na rana

Ba aiki. Dell da Glenda sun tafi Birmingham neman kayan gyaran injin yankan ciyawa. Tafiyar awa biyu.

Juma’a, 10 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

“A-kori-kurar Baba”. Ɗauka goma sha ɗaya. Ba mu riƙe ko ɗaya ba.

Ita ce waƙar da za ta buɗe faifan, kuma gudu take yi. Ganga ce ke tuƙa ta, hannun hagu na dukan ƙaramar ganga a kan biyu da huɗu tun daga farko har ƙarshe, ba hutu. Baiti na farko lafiya. A na biyu sai in ji waƙar ta fara nauyi, kamar ana jan birki da hannu. Kafin amshi na ƙarshe ina gaba, kiɗa yana baya.

Bayan ta biyar Boyd ya ɗaga hannu. “Ni ne, jama’a. Gaggawa nake yi, kofi ya yi mini yawa.”

Bayan ta bakwai Mista Lucius ya ce, “Ku yi haƙuri, yatsun tsufa ne. Na bar su a gida na zo da na aro.”

Bayan ta tara Hollis ya fito daga bayan gilashi ya ce injin tef ɗin ne yake ja, sai ya duba bel. Ya buɗe injin ya yi minti ashirin yana kallon bel ɗin da ya canja a watan jiya.

A ta goma sha ɗaya sanda ta faɗi. Ta yi ta gangarawa har ƙafar fiyano. Ba wanda ya dube ta. Dell ya tashi ya ɗauko ta da hannun dama, ya ce, “To, ni kaɗai ne ban amsa laifi ba yau. Ku bar mini gobe.” Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Dell lafiya lau. Ya gaji ne.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe 8 na yamma

Gidan Dell, kallon ƙwallo. Maza a falo suna ihu. Ni da Glenda a kicin muna yanka albasa.

Ta ce, “Corinne, kin dai gani ai.”

Na ce, “Na ga tumatir ɗinki har yanzu yana ’ya’ya. Nawa tun Satumba ya mutu.”

Ta ajiye wuƙa ta dube ni. Shekara talatin muna tare, ba mu taɓa zama ƙawaye ba, ba mu taɓa faɗa ba. Ta ce, “Ku ’yan gidan Tackett sai gida ya kama da wuta ku tsaya kuna yabon labule.”

Na tambaye ta wane taki take sa wa. Ta faɗa mini. Na rubuta a bayan hannuna.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe 6 da rabi na yamma

“A-kori-kurar Baba”. Ɗauka shida. Babu.

Da aka tashi Hollis ya raka ni wurin mota, abin da bai taɓa yi ba. Ya jingina da ƙofa don kada in buɗe.

“Waƙa uku masu gudu gare ki, Corinne. Kwana tara ya rage na aiki.”

Na ce na iya lissafi.

“Ɗauka ta uku ta ranar Juma’a, muryarki ba ta taɓa yin kyau haka ba. Zan iya kashe layin gangarsa in sa wani ya buga a kai. Ranar Alhamis ba ya nan. Lavonne Suggs tana Memphis, ba ta yawon wasa wannan watan.”

Lavonne ɗalibar Dell ce tun tana sakandare. Yanzu ta kai arba’in, ta zaga duniya da mutanen da ko amsa wayata ba sa yi.

Na ce, “Kai da kake cewa ɗora kiɗa a kan kiɗa aikin maƙaryata ne?”

Ya ce, “Na tsufa, na fara ƙarya. Me kika ce?”

Ban ce komai ba. Ya jira. Injin auduga yana ta kai da kawowa a bayansa. Da ya gaji ya matsa daga ƙofar, ya ce zai kira ta. Ban ce kada ya kira ba.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Na yanke shawara waƙoƙi uku na tsakiya ba sa bukatar hannu, babbar ganga ta ƙafa kawai ta isa. Na ce haka na ji su a kaina tun farko. Dell ya ce, “Ke ce mai waƙa, Auta.” Ya ƙirga, ya taka, hannuwansa a kan cinya. Biyu mun gama yau.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Ta ukun ma an gama. Biyar a hannu. Na gwada rage wa “A-kori-kurar Baba” gudu ni kaɗai a gida. Ta koma waƙar jana’iza. Baba bai taɓa tuƙi a hankali ba a rayuwarsa.

Dell lafiya lau.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Injin yankan ciyawa bai gyaru ba. Sun sake tafiya Birmingham.

Lavonne ta iso ƙarfe goma. Ta rungume ni, ta ce, “Anti Corinne, ba ki tsufa.” Na ce ƙarya ma ba ta tsufa. Ta zauna a gangunan Dell, ta sassauko da kujera. Hollis ya tono abin sa wa a kunne daga wani akwati, ya busa masa ƙura. Sau biyu ta saurari waƙar, sau ɗaya ta buga. Kamar an buga ƙusa a layi. Na manta haka waƙar take.

Muka shiga bayan gilashi mu ji. Hollis ya kashe layin Dell, ya kunna na Lavonne.

Ganga biyu muka ji.

Lavonne a gaba, daidai. A bayanta, can nesa, wani yana binta yana makara. Hollis ya duba maɓallai, ya sake kashewa. Yana nan. Ya kashe fiyano, ya ragu kaɗan. Ya kashe bas da jita, ya ragu. Ya bar muryata ita kaɗai, sai ga shi sarai a bayana ta hagu, yana jan ƙafa.

Hollis ya cire hula ya shafa kai. Ɗakinsa ne ya kama shi. Tunda a ɗaki ɗaya muke, gangar Dell ta shiga makirufon kowa, ta fi shiga nawa don ni ce kusa da shi. Shekara talatin yana fahariya da wannan, wai shi ne ke sa faifansa ɗumi. Yau ya zo yin ƙarya sau ɗaya, ɗakin ya ƙi.

Ya ce, “Ba yadda za a cire shi sai an cire ki. Sai dai a sake daga farko, kowa da kowa, Lavonne tana zaune a ɗakin.”

Na ce, “A gabansa ke nan.”

Ya ce, “Ko a bayansa. Amma zai sani.”

Lavonne tana kallon takalminta. Na tambaye ta ko ta ci abinci.

Juma’a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Ban yi niyyar rubuta yau ba.

Dell ya shigo ƙarfe tara da kwalin donot. Ya gaisa da kowa, ya je ya zauna a gangunansa. Gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Duk wayonmu, mun mai da sanduna inda suke, mun ɓoye abin kunne, mun share sawun takalmi, ba wanda ya tuna da kujera.

Ya yi dariya. “Har yanzu ƙasa-ƙasa take zama. Shekara ashirin ina ce mata ta ɗaga kujera, bayanta zai gaya mata.” Ya dubi Hollis. “Yaya ta yi?”

Boyd ya sami abin yi da igiyar bas ɗinsa. Mista Lucius ya rufe fiyano a hankali.

Hollis ya ce, “Zo ka ji.”

Dell ya tsaya ya ji waƙar har ƙarshe, hannun hagu a aljihu, aljihun yana motsi. Da ta ƙare ya ce, “Wancan na baya, ni ne?”



“Ya makara,” in ji shi. “Da ni ne mai waƙar da tuni na kore shi.” Ya ɗauki donot ɗaya, ya ce Glenda tana jira a mota. Ashe ko kashe injin ba ta yi ba. Sandunansa ya bari a kan ƙaramar ganga.

Da ƙarar motar ta ɓace na tambayi Hollis wa ya gaya masa. Ya ce ba wanda ya gaya masa. Dell ne ya kawo masa lambar Lavonne ranar Lahadi, a rubuce a bayan takardar coci, ya ce a yi ranar Alhamis, kuma kada Auta ta san daga wurinsa abin ya fito. Wai in ta ga kamar shawarar Hollis ce za ta fi iya haɗiyewa.

Na ji haushi ƙwarai. Na yi mako ina jin kunyar cin amanarsa, ashe shi ya shirya mini amanar da zan ci. Kuma na ci. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

Ban kira ba. Bai kira ba. Na sa wa mataccen tumatir taki.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Coci. Dell da Glenda suna layi na huɗu, ni na baya. Glenda ce ta riƙe littafin waƙa. Daga baya dai lafiya lau yake.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Lavonne ta dawo, ta kama ɗaki a otal ɗin bakin hanya har Juma’a. “A-kori-kurar Baba” daga farko.

Ta buga sanda, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kowa ya shiga. Ni ina tsaye baki buɗe.

Aka sake. Na shiga bayan kowa. Aka sake. Na shiga kafin kowa. Waƙar da murya take farawa, a kan bugun farko, in na kuskure shi ba wurin ɓuya. Ɗauka goma sha huɗu. Sau biyu na shiga daidai, amma da ƙirge a kaina, sai muryar ta fito kamar mai karanta sanarwa.

Mista Lucius ya ce, “’Yata, huɗu ne fa. Ko yaran makarantar Lahadi sun san abin da ke bin uku.”

Na ce na sani.

Lavonne ta ce ko ta gwada irin na Mista Dell. Ta ce ɗaya, biyu, ta ja numfashi. Daidai ta yi shi, har sautin haƙoran. Na ajiye jita na fita waje na kalli auduga.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Ɗauka tara. Babu. Yau ba wanda ya ce laifinsa ne.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Na ce wa Hollis maƙogwarona yana ciwo. Na tafi gidan Dell.

A gareji na same shi, zaune a kan bokiti, yana sauraron rediyo. Injin yankan ciyawa yana gefe. Na kama igiyar na ja. Ya tashi a ja ɗaya. Na bar shi yana ruri har sai da Dell ya miƙo hannu ya kashe.

Ya ce, “’Yan Birmingham sun iya aiki.”

Na ce, “Tun yaushe?”

“Tun Maris. Glenda ta ce tun Kirsimeti, amma Glenda tana son ta fi kowa sani.”

“Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

“Ke me ya sa ba ki tambaya ba? Ido biyu gare ki, Auta. A wasanmu na Huntsville sau uku sanda ta faɗi, kika juyo kika ce mini filin ne yake da santsi.”

Na ce da ya faɗa da na rubuta waƙoƙi marasa gudu. Ya ce shi ya sa bai faɗa ba. Ya ce bai yi shekara ashirin da takwas yana tura ni gaba ba don in dawo in riƙa jiransa a kan hanya. Na ce ba shi ke da ikon yanke wannan ba. Ya ce ai ya ba ni dama in yanke, a wurin mota, kuma ya ji abin da na ce. Na ce ban ce komai ba. Ya ce, “Shi ne.”

Ya fito da hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa, a fili, yana ta rawa. Ya faɗi sunan abin. Suna ne na wani Bature, kamar sunan lauya. Ya faɗi abin da likita ta ce game da bana, da baɗi, da bayan nan. Ya ce har murya yana taɓawa a hankali. Na kalli kalandar da ke bango, ta shekara uku da suka wuce ce, da hoton kifi.

Ya ce, “Amma akwai labari mai daɗi. In kina neman mai kaɗa caki, yanzu ko motsa hannu ba sai na yi ba.”

Ban yi dariya ba. Daga baya na yi.

Na gaya masa abin da ke faruwa a sito. Ya ce ya sani, Boyd yana kiransa kullum da yamma. Na ce, “Yaya, ka zo ka ƙirga mini.” Rabon da in kira shi haka tun jana’izar Mama.

Ya ce, “Mace mai shekara arba’in da tara ba ta iya ƙirga huɗu ba. Kuɗin makarantarki ya tafi a banza.”

Na ce zai zo ko ba zai zo ba. Ya ce gobe Alhamis, yana da injin da zai kai gyara.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Birmingham. Ni na tuƙa. Kujerun wurin jiran likita koraye ne.

Juma’a, 24 ga Oktoba, ƙarfe 8 na yamma

Ya zo. Ya ɗauko kujerar roba daga waje ya ajiye a bayana ta hagu, tsakanina da ganguna. Ya ce wa Lavonne, “Ɗaga kujerar nan, kina kunyata ni.” Ta ce, “To, Mista Dell.” Ba ta ɗaga ba. Ya zauna a kan hannunsa na hagu.

Ɗaya, biyu, ya ja numfashi.

“A-kori-kurar Baba”, ɗauka ɗaya. “Titin Ƙarfe”, ɗauka biyu. “Kada Ka Jira Ni”, ɗauka biyu. Ƙarfe uku mun gama. Mista Lucius ya jiƙe sharkaf, ya ce in fastonsu ya ji abin da ya buga yau sai ya sake yi masa baftisma.

Masu waƙar coci sun riga sun iso da motarsu suna jira a waje. Hollis ya ja tef ɗin “A-kori-kurar Baba” zuwa farko, ya ɗauki reza.

Na ce, “Bar shi.”

Ya dube ni ta saman tabarau.

“Bar ƙirgen. Da shi faifan zai fara.”

Dell ya ce, “Yanke, Hollis.”

Na ce faifaina ne, sunana ne a bango. Dell ya ce a kunna a ji tukuna. Hollis ya kunna, ya ƙara sauti.

A ɗaki ban ji ba, ina jiran numfashin ne kawai. A lasifika na ji. “Ɗaya” ta fito siririya, kamar daga wani ɗaki. “Biyu” ta karye a tsakiya. Numfashin ma rawa yake yi. Bayansa kuma waƙar ta faɗo daidai, da ƙarfinta.

Dell ya ce, “A waƙa biyu na farko ina nan da buroshi, kuma na yi kyau. A uku ƙafata tana nan. Wannan ya ishe ni. Kada ki sa mutane su fara jina a haka, Auta. Don ke na yi shi, ba don su ba.”

Hollis yana riƙe da reza yana jiran wani ya yi magana. Wannan karon na yi. Na ce, “Yanke.”

Ya yanke. Ya tsaya da guntun tef a hannu bai san inda zai kai shi ba. Dell ya ce, “Kwandonka yana nan inda yake.” Ya jefa.

A wurin mota Dell ya ce Lavonne ta yarda za ta bi ni yawon wasan Janairu. Na ce wa zai ƙirga. Ya ce, “Ke ma kina da huhu.” Glenda ta ɗaga mini hannu ta gilashi, na ɗaga mata.

Na koma ciki na ce na manta tabarau. Masu waƙar coci suna shigo da rigunansu. Na durƙusa ƙarƙashin tebur na juye kwandon. Hollis ba ya share shi sai an gama faifai. Guntaye takwas, duk kala ɗaya, kowanne ya ɗan fi tsawon hannuna. Ba rubutu a jiki, ba yadda zan san wanne ne na yau, wanne ne na ranar farko. Na naɗe su duka na sa a akwatin jita. Hollis yana ta duba bel ɗin injinsa.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe

Waƙa takwas, an gama. Aikin littafin nan ya ƙare.

Na fita bayan gida da jita kafin kofi ya tafasa. Sun gama girbe audugar maƙwabta, gona ta yi fayau. Na ce ɗaya, biyu, na ja numfashi da kaina. Na makara. Na sake, na makara kaɗan.

Dell ba shi da lafiya. Ga shi na rubuta.